Amfani da Tsohuwar Takarda Wajen Tace Ruwan Kwatami

Gabatarwa

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), tana bakin rafin Jakara ne. Wannan rafi shi ke kwashe ruwan kwatamin unguwannin birni zuwa madatsar ruwa ta Wasai, inda ake su da noman rani.

Matsalar Naitirojin

Fitsari da bayan gida da jinin mayanka duk suna ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda ƙwayoyin bakteriya kan mayar naitiret. Idan naitiret ya yi yawa, gansakuka takan rufe ruwa, ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka kuma yana hana jinin jarirai ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha.

Yadda Takarda ke Aiki

Akwai wasu bakteriya waɗanda, idan suka rasa oksijin, sukan yi numfashi da naitiret, su mayar da shi iskar naitirojin marar illa, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya. Sai dai ba sa wannan aiki sai da abinci mai sinadarin kabon. Matatun ruwa kan sayi metanol don haka, alhali takarda, da yake daga itace ake yin ta, cike take da kabon. Akan yayyaga ta a cusa a tanki, ruwan ya riƙa ratsawa a hankali. A 1996 masana a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila sun nuna cewa tsohuwar jarida na yin wannan aiki.

Kammalawa

Ke nan kwalaye da takardun ƙunshi da ake sharewa a Kurmi, waɗanda kan toshe magudanai, suna iya zama magani. Amma dabarar ba ta cire gubar ƙarafa irin ta majemun zamani, kuma aikinta kan ragu lokacin sanyi. Wajibi ne kuma a ware duk takarda mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, domin ba ta halatta a kusantar da ita najasa ba.

Auna Fahimta

1. Bayyana illoli biyu na yawan naitiret a ruwa.
2. Me ya sa takarda ke iya maye gurbin metanol?