ABIN DA JINI KE NUNAWA GA KARE MAI CIWON ZUCIYA DA HUHU

Kare yana gadin gida, yana tsaron garke, yana taya maharbi farauta. Idan ya kamu da ciwo, mai shi ne da hasara.

Zuciya ita ce ke tura jini zuwa huhu ta wata babbar jijiya. A huhu jini ke ɗaukar iska mai kyau, sannan ya zagaya jiki duka. Idan hanyar nan ta ƙuntata, sai zuciya ta yi ta turi da wahala, har ta gaji.

Wata tsutsa tana kawo wannan ciwo a ƙasashe masu zahi da sauro. Sauro ke ɗaukar ƴaƴanta daga kare zuwa kare. Cikin wata 6 ko 7 sai su girma. Babbar tsutsa takan kai santimeta 30, kamar zare. Tana zama cikin jijiyar huhu da zuciya, shekara 5 har 7.

Karen da ya kamu yana tari, yana haki, yana ramewa. Gudu kaɗan sai ya gaji. In ciwon ya yi nisa, cikinsa yakan kumbura da ruwa.

Likitan bisashe yakan ɗebi jini kaɗan, ya duba da madubin awo. Cikin jini akwai ƙwayoyi iri 3. Jajaye suna ɗaukar iska. Farare suna yaƙi da cuta. Ƙanana suna tsai da jini in an yi rauni.

Ga kare mai tsutsa, jajayen sukan ragu, ƙananan ma haka. Wani irin farare yakan ƙaru. Wani lokaci ana ganin ƴaƴan tsutsar suna motsi cikin ɗigon jini.

Amma ƙidayar ƙwayoyi alama ce kawai, don wasu cututtuka ma suna sauya ta. Shi ya sa likita yakan saurari ƙirjin kare, ya ƙara wani awo, kahin ya ba da magani.

Kare mai irin wannan tari, a hutar da shi. Kada a tahi farauta da shi, gudu na iya kashe shi. Kada a ba shi maganin shanu ko na tebur. A kai shi wajen ma'aikatan kiwo. Akwai maganin riga-kahi da ake ba kare kowane wata, amma sai an auna jininsa tukuna.