Kafin Ka Kawo Ɗan Kwikwiyo Gida

A Abuja da Jos da Kaduna, har da wasu unguwannin Kano, yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da ɗan ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu, irin su Lhasa Apso da Pomeranian, ko ɗan firit ɗin nan Chihuahua. Hukuncin ajiye kare don sha'awa magana ce ta malamai, na bar musu. Tawa ita ce, duk wanda ya ɗauko rai ya kawo gidansa, amana ta hau kansa.

Inda sababbin masu kiwo suke tafka kuskure shi ne su ɗauke shi tamkar karen mafarauta. Namu na gida ya ci ƙanzo, ya kwana a bakin zaure, gari ya waye yana nan garau. Wannan kuwa, da bai kai kilo biyu ba, yunwar wuni guda tana iya kayar da shi. Cikinsa ƙarami ne, jikinsa kuma yana ƙone abinci da sauri, don haka sukarin jininsa kan faɗi nan da nan. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana har ya cika wata 3, sannan a koma sau uku. Idan ka ga yana layi, ko yana karkarwa, ko ya yi laƙwas ba dalili, shafa masa zuma a dasashi ka garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Kada ka ɗura masa komai a maƙogwaro.

Miyar gidanmu ma ba tasa ba ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, mu kuwa wace miya ce ba mu sa mata albasa? Cakulan guba ce a gare shi, haka ma goro, saboda haka Baba ya riƙa lura da inda yake ajiye ɓarinsa. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soki hanji. Maganin ciwon kai na mutane kuwa, ko rabin ƙwaya kada a gwada.

Kada ka karɓe shi daga hannun mai sayarwa sai ya cika mako 8 tare da uwarsa, kuma ka nemi katin allurarsa. In aka ce katin ya ɓace, ɗauka kawai ba a yi masa ba. Allurar farko ana yin ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Ita ce ke kare shi daga cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Kafin a kammala, kada ya taka titi ko ya shiga cikin baƙin karnuka. A haɗa da maganin tsutsar ciki, a kuma riƙa duba kaska a cikin kunne da tsakanin yatsu.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar. A yi masa allura da ya cika wata 3, a sabunta duk shekara. Ba sai an je Turai ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura.

Zafin Afrilu yana galabaitar da mai gashi, don haka inuwa da ruwa kada su yanke masa. Da hunturu kuma a yi masa shimfiɗa. A hana yara ɗaga shi kamar 'yartsana, domin faɗowa daga kan kujera kawai tana iya karya masa ƙafa.

In kuwa ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da wasa ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, da katin allurar a hannu.