Teku a cikin falo: gaskiya da ƙarya a maganar tankin kifin ruwan gishiri

Magana biyu ke yawo game da ajiye kifin teku a tankin gilashi, kuma sun saɓa wa juna. Wasu na cewa abin sai attajiri ko masanin kimiyya, wai kifin teku ko hararar sa ka yi sai ya mutu. Wasu kuma, musamman masu ɗora gajerun bidiyo, suna nuna kamar aikin yini guda ne: a zuba ruwa da hantsi, a barbaɗa gishiri, kafin la'asar kifaye masu ruwan lemo suna ta iyo. Mutanen farko sun hana masu sha'awa farawa. Na biyun sun fi ɓarna, domin su ne ke sa sabon shiga ya kwashe gawar kifi cikin mako guda.

A fara da gishirin kansa. Ana cewa gishirin miya ya isa, tunda gishiri duk gishiri ne. Ƙarya ce. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na narkakkun sinadarai, kuma irin gishirin da muke ci kusan kashi 85 cikin 100 ne kawai na wannan. Sauran akwai magniziyom, kalsiyom, fotasiyom, salfet, da sinadaran da ke hana ruwan yin tsami. Waɗannan ragowar su ne murjani da dodon koɗi ke gina jikinsu da su, kuma babu kifin tekun da zai daɗe ba tare da su ba. Abin da ake amfani da shi haɗaɗɗen gishiri ne da aka yi don wannan aiki, irin su Instant Ocean da Red Sea. Tanki mai lita 100 zai ci kilo 3.5 zuwa 4. Ba a kuma auna shi da harshe ko da ido. Akwai ɗan ma'aunin gishiri da ake ɗiga masa ruwan a leƙa, ana neman ya nuna 1.025 ko dab da haka.

Kishiyar wannan jita-jita ita ce wai dole sai an ɗebo ainihin ruwan teku, don haka mutumin Kano ko Damagaram ya haƙura. Ita ma ba ta da tushe. Tun 1854 Philip Henry Gosse, Baturen Ingila, ya wallafa yadda ake haɗa ruwan teku da hannu. Gaskiya ne gidan kifi na Shedd da ke Chicago, da aka buɗe a 1930, da jirgin ƙasa aka yi ta jigilar masa ruwa daga Key West a jihar Florida. Amma yau babban gidan kifi na Georgia da ke Atlanta, birnin da ba ya bakin teku, ruwan famfon gari yake tacewa ya haɗa da gishiri, kuma manyan kifaye masu tsawon mita da yawa suna rayuwa a ciki. Ruwan da aka kamfata a gaɓar teku kusa da babban birni ma sau da yawa ya fi haɗari, saboda mai da ƙazantar magudana.

Inda aka fi sakaci shi ne ruwan da za a haɗa gishirin da shi. Na famfo yana iya zuwa da kilorin. Na rijiyar burtsatse, komai garai-garai ɗinsa, yana iya ɗauke da naitiret ko fosfet, abincin gansakuka ke nan, ko ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, wanda ke kashe jatan lande da murjani ko da kaɗan ne. Shi ya sa masu harkar ke sayen ƙaramar na'urar tace ruwa da ake kira RO. Wannan ba ƙarin gishirin 'yan kasuwa ba ne.

Sai kuskuren da ya fi kama da hankali. Mutum ya ga ruwan tanki ya ragu, sai ya ce tunda na gishiri ne, bari ya cike da na gishiri. Duba tukunyar miyar da ta daɗe a kan wuta: ruwa ne ya tafi, gishiri yana nan, kuma babu uwargidan da za ta gyara ta da ƙarin gishiri. Abin da ya ƙafe, da tatacce ruwa zalla ake mayar da shi, kuma kullum, ba sai an tara na mako ba. Ruwan gishiri sai lokacin canji, wato idan ka zuƙe kamar kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu, ka mayar da sabon haɗi. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da komai, za ka sha mamakin yadda layin ruwan ke sauka daga safe zuwa dare.

Babbar magana dai ita ce jira. Kifi yana fitar da ammoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama. Ammoniya guba ce, kuma ta fi dafi a ruwan teku fiye da ruwan daɗi saboda yanayin sinadaransa. A teku yawan ruwa ke shanye ta. A tanki kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne, canjin ruwa kuma yana rage shi. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawan da ake buƙata. Kafin su hayayyafa akan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. A wannan tsakani tankin yana aiki, injin turo ruwa yana gudu, duwatsu da yashi suna ciki, amma babu kifi ko ɗaya. Sai ka jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe, ko ka ɗiga ammoniyar da ake sayarwa don haka, kana gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Za ka ga ammoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifili, ranar tankin ya nuna.

A nan jita-jita ta yi rassa. Wai idan ka roƙi tsohon ruwa daga tankin abokinka, ka huta da jira. Ba haka ba ne: ƙwayoyin ba a ruwa suka fi zama ba, a jikin dutse da yashi da soson matata suke manne. Dutse guda daga tsohon tanki mai lafiya ya fi jarka biyar ta ruwansa amfani. Wai kuma kwalbar bakteriya da ake sayarwa tana gama aikin a yini ɗaya. Tana rage jira, wannan gaskiya ne, amma rubutun jikin kwalba ba shi ne shaida ba, gwaji ne. Akwai tsohuwar dabarar jefa kifi mai taurin rai ya sha gubar har ƙwayoyin su taru. Tana aiki, amma azabtar da dabba ce ba gaira ba dalili, tunda guntun jatan lande zai yi daidai abin da kifin zai yi. Idan kuma bayan 'yan makonni wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, ba lalacewa tankin ya yi ba. Kusan kowane sabon tanki sai ya bi ta nan, kuma takan wuce da kanta.

Ƙaramin tanki ya fi sauƙi ga sabon shiga? Ya fi arha, shi ke nan. Lita ɗaya ta ƙafe daga tanki mai lita 20, gishirinsa ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100. A mai lita 150 ko alama ba za a gani ba. Haka zafi, haka ƙazanta. A ganina wanda ba zai iya fara da kamar lita 100 ba, gara ya ƙara tara kuɗi.

Fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya jawo mutane da yawa cikin harkar nan, ya kuma bar musu kuskure biyu. Na farko, wai kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi ba ya rayuwa sai da anemoni, halittar nan mai kama da fure da yake fakewa a cikinta. A teku yana buƙatarta don tsira daga maƙiya. A tanki babu mai farautarsa. Anemonin ma ta fi kifin wuyar riƙo nesa ba kusa ba, tana son haske mai ƙarfi da tankin da ya kwana biyu. Shi kansa kifin yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai koyo, tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a gonakin kifi. (Dukansu maza ake ƙyanƙyashe su, wanda ya fi ƙarfi a cikin garke shi ke rikiɗa ya zama mace. Wannan ba tatsuniya ba ce.) Na biyu, wai shuɗiyar abokiyar tafiyar uban Nemo, Dory, ita ma tana da sauƙin riƙo. Irinta na kai tsawon santimita 30, tana son filin gudu na ɗaruruwan litoci, ga saurin kamuwa da cutar farin ɗigo. Sai a 2016 aka fara samun nasarar hayayyafa ta, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Florida. Masu cewa kifi daidai girman tankinsa yake girma, tsumburewa suke kira da wannan suna. Cutar farin ɗigon nan ma tafarnuwa ba ta kashe ta, duk da yadda ake yayatawa. Maganin jan ƙarfe ake ba kifin a wani tanki na daban.

Wasu maganganun masu kama da ƙarin gishiri kuwa gaskiya ne. A Filifin da Indonesiya an daɗe ana fesa gubar sayanaid a cikin murjani don a sumar da kifi a kama shi da rai, duk da dokar ƙasashen ta hana. Irin wannan kifi yakan iso da kyawunsa, ya ƙi cin abinci, ya mutu bayan 'yan makonni, mai shi yana ta zargin kansa. Tambayi mai sayarwa ko haifaffen gona ne, ka kuma sa ya ba shi abinci a gabanka. Haka nan wasu murjani masu taushi na dangin Palythoa suna da dafi mai tsanani, an sha kwantar da mutane a asibiti bayan sun goge ko sun tafasa dutsen da suke jiki. Kada a tafasa dutsen tanki, kada a taɓa shi da hannu mai rauni.

Abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuma shi ne kan gaba, zafi ne da wuta. Kifin murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Can ƙasashen sanyi na'urar ɗumama ruwa suke saya. A garin da bazara ke kai digiri 40, sanyaya shi ne aiki, ko da fanka mai hura saman ruwan, wadda ke ƙara saurin ƙafewa, ko da na'urar sanyaya ruwa, ko ɗaki mai AC. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, idan ya yi ɗumi kuma sai ya ƙara raguwa. Wanda ya saba da tarwaɗa, mai iya leƙo kai ta shaƙi iska a sama, kada ya yi wa kifin teku wannan zato. Idan aka ɗauke wuta injin ya tsaya cikin daren Afrilu, 'yan sa'o'i sun isa su kashe kifin, su kuma fara kashe ƙwayoyin da aka yi mako shida ana rainon su. Fitilar tanki za ta iya kwana biyu a kashe ba abin da zai faru. Injin motsa ruwa kuwa, wanda ƙaraminsa wutar da yake ci ba ta wuce ta ƙwan fitila ba, shi ake fara haɗawa da inbata ko sola, tun kafin a sayi buhun gishirin farko.