Caji Ofis Da 'Yan Sintiri: Abin Da Ake Faɗa Da Abin Da Yake Gaskiya

Duk majalisar da ka zauna aka tayar da zancen 'yan sanda, sai ka ji fatawa kala-kala. Wannan ya ce caji ofis shiga kyauta, fita da kuɗi. Wancan ya ce kada ka kuskura ka ɗauki wanda aka harba zuwa asibiti, kai za a fara tsarewa. Wata ta ce ai mace ba ta karɓar beli. Abin da ya sa waɗannan maganganu suke da wuyar sha'ani shi ne ba ƙarya ce zalla ba. Da yawansu suna faɗin abin da ake aikatawa, sai jama'a su ɗauka haka doka ta ce. Wanda kuwa ya ɗauki zalunci a matsayin doka, ba zai taɓa buɗe baki ya ƙi shi ba.

A fara da beli, don shi ya fi taɓa kowa. Gaskiya ne ana karɓar kuɗi. Za ka ga takarda manne a bango da Turanci tana cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashinta kuma wani dattijo ya ja ɗan sanda mai bincike gefe suna ciniki ƙasa-ƙasa, ɗansa na bayan kanta tun jiya ba riga. Ba a ma kiransa kuɗin beli. Kuɗin takarda ne, ko kuɗin mai, ko "a ga oga". Amma cewa doka ce ta yanka wannan kuɗi, ƙarya ce. Abin da ake buƙata shi ne mai tsaya wa mutum, ya sa hannu cewa zai kawo shi ranar da aka neme shi, kuma adadin da aka rubuta a takardar alkawari ne da zai hau kansa idan wanda ake zargi ya gudu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu kuma kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta kuma ɗora wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ake tsare da su. Manyan laifuka irin su kisa da fashi da makami nasu daban ne, kotu ce ke da ta cewa a kan belinsu.

Batun mace kuwa ba shi da tushe. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce ba. Uwa na iya tsaya wa ɗanta, mata na iya tsaya wa mijinta.

Akwai abubuwa biyu da muka saba da su har muka daina ganin aibunsu. Na farko, a zo neman yaro ba a same shi ba, sai a tafi da mahaifinsa ko ƙaninsa "har sai ya kawo kansa". Sashe na 36 na Dokar 2020 ya haramta kama wani a madadin wani. Na biyu laifinmu ne mu jama'a: wanda ke bin bashi ya ɗauko ɗan sanda a babur ya je ya kamo wanda yake bi. Sashe na 32 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na aikata laifi ba. Bashi na kotu ne, ko zauren mai unguwa, sai fa idan akwai damfara a ciki. Ina ganin duk ɗan kasuwar da ya saba kai abokin cinikinsa bayan kanta yana da hannu a lalacewar da yake kuka da ita.

Jita-jitar da ta fi cin rai ita ce ta wanda aka harba. Mutum na kwance jini na zuba, jama'a sun kewaye shi da wayoyi, kowa na tsoron a ce shi ne. Tun ƙarshen 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani ko da babu takardar 'yan sanda, ko da ba a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara aikin. Dokar ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a takura masa da tambayoyin cin fuska. Har yanzu ana samun ma'aikatan da ke tambayar takarda, wannan gaskiya ne, amma su ne suka saɓa doka.

Haka zancen cewa sai an cika awa 24 kafin a kai rahoton ɓatan yaro. Babu dokar da ta ce a jira, kuma awannin farko su ne masu tsada. Satar yara kanta ba tatsuniya ba ce: a watan Oktoban 2019 'yan sandan Kano sun gano yara tara da aka sace aka kai Onica a jihar Anambra, kotu kuma ta ɗaure jagoran masu satar shekara 104 a 2021. Sai dai saƙon murya da ke yawo yana cewa an ga baƙuwar fuska da mota a layi kaza ba hujja ba ce. Yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a ƙarshen 2021, wadda mutuwarta ta girgiza ƙasar nan, mai makarantarsu ne kotu ta kama da laifi, mutumin da iyayenta suka sani suka amince da shi.

Sai 'yan sintiri. Babu mai hankalin da zai raina su. A unguwanni da yawa, usur ɗinsu da fitilarsu ne ke sa a yi barci, kuma gidaje ne ke haɗa musu ɗan abin shayi duk wata. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina da mutum kusan 1,500, a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya fito da Askarawan Zamfara sama da 2,600, Sakkwato ma ta bi sahu. Daga nan wasu suka fara cewa ai waɗannan su ne 'yan sandan jiha, suna da ikon tsarewa da hukuntawa. Ba haka ba ne. An kafa su ne a ƙarƙashin dokokin jihohi don su taimaka wa jami'an tsaro da sanin daji da sanin mutane. Ɗan sintiri, kamar kowane ɗan ƙasa, yana iya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ɗaure mutum a ofishin sintiri ana dukansa don ya amsa laifi, azabtarwa ce, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta ta ga masu kaki ma kansu.

Mun ga inda rashin wannan iyaka ke kaiwa. A Zamfara, kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya. A ƙarshen Maris 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar mafarauta 'yan Kano da ke hanyar gida hutun salla, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, gungun jama'a suka kashe mutum 16. Wanda ya yi kuka da Uromi bai kamata ya ɗauki dutse ba idan an yi ihun ɓarawon waya a bakin kasuwarsu.

Shin laifi ƙaruwa yake yi ko raguwa? A nan masu cewa ƙaruwa da masu cewa raguwa duk suna zarce gona da iri. Holin waɗanda aka kama da ake yi gaban 'yan jarida yana nuna kamun da aka yi ne kawai, bidiyon da ke zagaye waya kuma sau da yawa na shekarun baya ne ko na wata ƙasa, an sake masa sunan gari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disambar 2024, wanda aka yi ta hanyar tambayar magidanta, ya ƙiyasta laifuka kusan miliyan 52 tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024, Arewa maso Yamma ce kan gaba. An yi ta gardama a kan alƙaluman, amma akwai guda da ya dace da abin da kowa ke gani: cikin gidajen da aka yi wa fashi, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka kai rahoto. Ke nan littafin da ke kan kantar caji ofis bai ɗauke da mafi yawan abin da ke faruwa a unguwa, kuma da wannan littafi ake yanke shawarar inda motar sintiri za ta kwana.