Ana Ƙarar da Kwaɗin Fadamunmu: Gargaɗi ga Jega, Aliero da Maiyama

Jama'a, a saurara. Ana ƙarar da kwaɗi a fadamunmu, kuma muna kallo.

Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Zamfara a Jega, ko a ƙauyukan Aliero da Maiyama, ya san daren ruwan shuka. Kududdufai kan ɗauki kuka har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Yau a tambayi dattawa. Wasu kududdufan an cike su an yi gini. Wasu an mai da su juji. Waɗanda suka rage, kukansu ya yi rauni.

Ya zama wajibi mu san abin da muke hallakawa.

Ku dubi bududdugi. Da rani ya kawo jiki sai ya tona ƙasa da ƙafafunsa na baya, ya binne kansa. A can yake lulluɓe jikinsa da saɓar fatarsa don kada ya bushe. Watanni yake yi ba ci, ba motsi, zafin bazara na wucewa ta kansa. Sai ruwa mai ƙarfi ya sauka ya fito, ya nufi kududdufi, a yi ƙwai. 'Ya'yan kuma sai sun yi ƙafafu cikin 'yan makonni, kafin ruwan ya ƙafe. Damarsa ke nan a shekara. Guda ɗaya tak.

A daidai wannan lokaci ake zuwa masa da tocila da buhu.

Hasken ya dalle masa ido, ya tsaya cak, a sure shi. Ana kwashe mata da cikinsu fal da ƙwai. Ana farke su, a yi banda ko a shanya, a ɗura a buhu, a loda a mota zuwa kudu. Wanda ya kashe mace guda a daren nan ya kashe dubban ƙwai da ita.

Kada wani ya ce abin kaɗan ne. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa mutum 32 kacal masu wannan sana'a a kudu maso yammacin Najeriya suna hada-hadar kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara. Akasarinsu daga Arewa ake kai su, da maƙwabtanmu irin su Benin da Nijar. Har Malanbil, can tsallaken Gaya, masu kamu daga Najeriya suke zuwa. Mutum ba ya tsallaka iyaka neman abin da ke ƙofar gidansa.

Sai kuma guba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, noman fadama ya bunƙasa. Mun gode wa Allah. Amma feshi ya bunƙasa tare da shi. Maganin ciyawa, maganin ƙwari, a shinkafa, a albasa, damina da rani. Mai feshi ya gama, ya gangara kududdufi ya wanke injinsa, ya jefar da robar a nan. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa. Duk abin da aka zuba a ruwan, jikinsa zai shiga. Haka masu zuba guba don kifi ya taso: kifi ya mutu, 'ya'yan kwaɗo su mutu, sannan yaranmu su yi wanka a wurin, dabbobinmu su sha.

Wannan ɓarna ce. Babu wani sunan da ya dace da ita.

Wasu sun riga mu faɗawa wannan rami. Indiya ta shekara da shekaru tana sayar wa Turai da Amurka cinyoyin kwaɗi. Kwaɗi suka yi ƙaranci a gonakin shinkafa, ƙwari suka samu sake, kuɗin magani ya hau kan manomi. A 1987 dole ta hana fitar da su. Bangaladash ta bi sahu a 1989. Mu da muke tinƙaho da shinkafa, shin sai mun ɗanɗana kafin mu yarda? Kwaɗo kwana yake yi yana cin fara da tsutsa da gara, bai taɓa neman ladan ko kwabo ba. Idan ya tafi, manomi zai ƙara feshi. Idan ya ƙara feshi, sauran kwaɗin su mutu. Bashi ya ƙaru, ruwa ya ƙara lalacewa.

Ga kuma sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A wancan binciken babu jihar da ta kai mu. Gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu. Amma jihar da ke cikin wannan hali ba ta da hujjar kashe abin da ke cin ƙwari a bakin ruwanta.

A duniya baki ɗaya, rahoton masana na 2023 ya ce kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa. A wasu ƙasashen ana bin kowane kududdufi ana ƙidaya. Mu a nan wa yake ƙirgawa? Jinsi zai iya ɓacewa a Maiyama ba a ko rubuta sunansa ba.

Ya zama wajibi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero ta fito fili. Aikin ba ya bukatar miliyoyi. Kowane jinsi da irin kukansa. Ɗalibi da wayar hannu zai iya naɗar kukan kududdufi guda a daren ruwan farko, ya koma baɗi, ya koma baɗin baɗaɗa, a ajiye a kwatanta.

Ya zama wajibi iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, ku hana kamun kwaɗi daga faɗuwar ruwa har 'ya'ya su fito tudu. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Argungu ana tsare Matan Fada, babu mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake samun giwan ruwa. Masu kamun ma ribarsu ce, domin in iri ya ƙare sana'ar ta mutu.

Ya zama wajibi malamanmu su hau mumbari da wannan magana. Ya zo a Sunan Abu Dawud cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Mutane nawa ne suka taɓa jin wannan a huɗuba?

Ya zama wajibi malaman gona da masu sayar da maganin feshi su faɗa wa kowane mai saye: ba a wanke injin feshi a kududdufi, ba a yar da roba a gulbi.

Wanda ya ga ana zuba guba ya kau da kai, da shi aka zuba. Wanda ya ga buhuna na fita daga ƙauyensu a farkon damina ya yi gum, da shi aka loda. A kai magana gaban mai unguwa tun yau, a sa dokar kafin ruwan shuka ya sauka.