Saharar Cikin Waya Daban, Ta Hanyar Agadas Daban

A watan Yulin 2023 wasu 'yan Gana na ƙungiyar Wanderlust Ghana suka tayar da motocinsu daga Akara, suka bi ta Kwaddibuwa, Mali, Senigal, Murtaniya da Maroko, suka haye Sifen da Faransa, suka isa Landan ranar 6 ga Agusta bayan tafiyar kilomita wajen 10,000. Ƙasa duka ta yi murna, kuma sun cancanci yabon da aka yi musu. Hotunan irin wannan yawo ba sa yankewa a wayoyin samarin unguwannin Nima da Mamobi a Akara: Bature da matarsa cikin jibgegiyar mota, karensu ya leƙo ta taga, tuddan rairayi sun yi jawur da faɗuwar rana. A majalisar ataya kuwa ba a rasa mai cewa ai hanyar ba komai ba ce, tunda har kare ya ƙetare.

To, a tsaya a dubi karen nan da kyau. Yana da katin allurar rigakafi, yana da takardar izinin fita da shiga daga likitan dabbobi, yana da jarkar ruwansa, yana kwance cikin sanyin mota. Maigidansa na ɗauke da fasfo da biza, tayoyin safaya, na'urar nuna hanya, da kuɗin kiran taimako idan inji ya tsaya. Hanyar da akasarin irin waɗannan masu yawo ke bi ita ce ta gaɓar teku, daga Nuwakshot zuwa Dakhla, mai kwalta da gidajen mai. Ko a can ɗin, a mashigar Gargarat, ana gargaɗin direba kada ya kauce daga sawun motoci saboda nakiyoyin da aka binne tun zamanin yaƙin Yammacin Sahara. A taƙaice, karen cikin bidiyo ya fi yaron da ɗan koneshan, mai safarar mutane ta hamada, ya karɓi kuɗinsa gata nesa ba kusa ba.

Shi yaronmu wata hanya ake bi da shi: Kumasi, Tamale, Bolga, Paga, Wagadugu, Yamai, sannan Agadas. Daga nan kwalta ta ƙare. Ana loda mutum 25 ko fiye a bayan Hilux, kowa ya zuro ƙafafu waje, ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Wanda barci ya kwashe ya faɗi, ba lallai direba ya tsaya ba. Daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama, zuwa Sabha a Libiya, ɗaruruwan kilomita ne na rairayi da duwatsu a yankin Tenere, inda zafin rana kan wuce digiri 45, dare kuma ya zo da sanyi mai ratsa ƙashi a lokacin hunturu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a nan shi ne lalacewar mota. Wajen farkon watan Yunin 2017 mutum 44, akasarinsu 'yan Gana da 'yan Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta tsaya. Mutum shida ne suka tako da ƙafa suka kai labari. Kafin nan, a Oktoban 2013, an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne. Waɗannan su ne waɗanda aka gano. Iska na binne sawu da gawa cikin 'yan kwanaki, uwa a Mamobi kuma ta yi ta jiran kiran da ba zai zo ba, ta rasa ko zaman makoki za ta yi ko sa rai.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. Direbobi suka guji hanyoyin da ke da rijiyoyi da sojoji, suka koma ɓarauniyar hanya, haɗarin ya ƙaru. Gwamnatin soja ta Janar Abdurahaman Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023, 'yan koneshan suka samu abin faɗa: wai yanzu hanya ta buɗe. Soke doka bai haƙa rijiya ko ɗaya a Tenere ba. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi arewaci da gabashin Burkina Faso da yankin Tilaberi, tun kafin a kai ga rairayin. Wanda ya tsira ya isa Libiya, gidajen tsare mutane na jiransa, inda ake dukansa ana kiran danginsa su turo kuɗin fansa; a Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a can. Wanda ya bi ta Aljeriya kuwa, sau da yawa akan kwaso shi a zubar a bakin iyaka, ya taka kilomita 15 cikin rana kafin ya isa Assamaka.

Za a ce ai kakanninmu matafiya ne. Gaskiya ne, fataucin goro zuwa Salaga da Gwanja shi ya kafa yawancin zangunanmu. Amma fatake ba sa tashi sai da madugu wanda ya san kowace rijiya da kowane sarki a hanya, kuma har yau ayarin gishirin Buzaye zuwa Bilma yakan jira zafi ya sauka kafin ya ɗaura wa raƙuma kaya. Rigakafi ya fi magani, su sun san haka.

Akwai masu tafiya arewa don halal ɗinsu: sayen ragunan layya, ziyarar dangi a Yamai ko Maraɗi, ko ma yawon ganin ƙasa ga mai hali. A gare su, mota ɗaya ba ta shiga dajin rairayi ita kaɗai. A ɗebi ruwan da ya ninka lissafin kwanakin tafiya, a raba shi jarka-jarka don kada huda ɗaya ta zubar da duka. A sanar da wani a gida ranar tashi da ranar da ake sa ran isa. In mota ta lalace, a zauna a inuwarta, domin mai aikin ceto ya fi saurin hango mota a kan mutum. A riƙe katin rigakafin shawara, kuma tunda Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a tambayi ofishin jakadancinsu takardun da ake buƙata kafin a sayi tikiti.

Batun kare kuma, ko da yake mutanen zango ba su cika ajiye shi ba sai don gadi, matasa masu kiwon karnukan waje suna ƙaruwa a Akara. Kare ba ya gumi yadda mutum ke yi, haki ne ke sanyaya masa jiki, shi ya sa zafi ke saurin kayar da shi. Barinsa cikin rufaffiyar mota da rana, ko na ɗan lokaci, kisa ne. Rairayin tsakar rana na ƙona masa tafin ƙafa. Karen Buzaye na kwarin Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, a wannan yankin hamada aka haife shi. Karen Turai mai gashi cunkus ba zai jure abin da yake jurewa ba. Wanda ba zai iya ba dabba ruwa da inuwa ba, ya bar ta a gida, haƙƙinta na wuyansa.

Haɗarin da ya fi kusa da kowa shi ne cizon kare, a tashar mota, a ƙauyen da aka yada zango, ko a lungun Nima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar na iya ɓuya wata biyu ko uku, ciwo ya warke, a manta. Da zarar alamunta sun fito, tsoron ruwa da firgita da zubar yawu, kusan babu mai tashi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a ɗaure, kada a tsaya shafa toka ko ganye, a nemi allura a ranar. A Akara a garzaya babban asibitin Mamobi, ko Ridge, ko asibitin soja na 37. In a hanya ne, a sauka a garin farko mai asibiti ko da kuɗin mota zai salwanta, a karɓi allurar farko a can, a riƙe katin don a ƙarasa sauran a kan kwanakin da likita ya rubuta.