Duba Inji Kafin Sayen Tsohon Jirgin Ruwa

A Yawuri da Lakwaja da Ibi da Baga, da sauran garuruwan bakin ruwa, ba kowane masunci ko mai fito ke da halin sayen sabon inji ba. Saboda haka akan sayi kwalekwale tare da tsohon injinsa, irin wanda ake ɗaurawa a baya, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40. Sau da yawa injin ya fi katakon jirgin tsada. Ɓarakar katako kowa yana ganinta da ido, amma ciwon inji a ciki yake, ba ya cika bayyana sai an yi nisa da gaɓa. Mota in ta mutu a tura ta gefen hanya. Jirgi kuwa in injinsa ya mutu a tsakiyar Kwara, sai inda ruwa ya kai shi, da mutane da kaya.

Ya kamata mai saye ya je da makanikinsa, kuma ya je da sassafe, kafin a ta da injin. Ya fara ɗora hannu a kansa. In ya ji ɗumi, to an riga an ta da shi, watakila don a ɓoye wuyar tashinsa, gama inji mai zafi ko ya gaji yakan tashi nan da nan. Lafiyayyen inji ba ya bukatar a yi ta jan igiya har gumi ya keto. Ita kanta igiyar tana ba da labari: in ta zo sakwaf, babu turjiya, alama ce fistin da ringi sun cinye. Makaniki mai ma'aunin matsi sai ya gwada kowace silinda. In bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai babban gyara a gaba.

Daga nan a kwance fulogi. Bakinsa in ruwan ƙasa ne, madalla. In ya yi baƙi da maiƙo, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, wannan kuwa da sauƙi. Wanda ya yi fari fat, injin yana zafi fiye da kima. Mafi muni shi ne a tarar da tsatsa ko ɗigon ruwa, watau ruwa yana shiga silinda. A kuma tambayi mai jirgin yadda yake haɗa mai. Galibin waɗannan injuna ana zuba musu lita 1 ta baƙin mai cikin lita 50 ta fetur, kuma wanda ya saba rage baƙin mai don tsimi ya riga ya rage kwanan injinsa.

Kada a yarda a ta da injin a tudu. Da ruwan kogi yake sanyaya kansa, kuma robar da ke juyawa cikin famfonsa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci in ta yi gudu a bushe. Da ya tashi a cikin ruwa, a dubi ɗan tsirin ruwan da ke fita ta bayansa. In yana fita da ƙarfi, famfo na aiki. In yana ɗiga ko ya ɗauke, a kashe injin. Fentin kan silinda da ya ƙone ko ya sake launi shaida ce ta tsohon zafi. Sabon fenti a wurin nan kaɗai, shi ma abin tambaya ne.

Wurin da masu saye suka fi mantawa shi ne ƙasan injin, inda giya da farfela suke. Zaren taru da na ƙugiya sukan naɗe a bayan farfela, su yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga man giya ba wanda ya sani. A sassauta kusar da ke ƙasa, a tari ɗan man a hannu. In ya fito kamar madara, ruwa ya shiga. In da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya suna ci. A juya farfela da hannu, a ga ko tana layi. A tafkin Kainji, inda ruwa ya rufe itatuwa tun da aka gama madatsar a 1968, karo da kututture yakan lanƙwasa sandar farfela. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, kamar na Ikko ko Fatakwal, a nemi farin gari a jikin kusoshinsa, don gishiri yana cin ƙarfe ta ciki.

Inji marar kaya yakan yi kuka mai daɗi ko da ya gaji. Don haka a ɗora wa jirgin nauyin da zai riƙa ɗauka, a fuskanci inda ruwa ke gangarowa, a yi kamar rabin sa'a, kowa da rigar ruwa a jikinsa. A buɗe mai duka, a rage, a sa giyar gaba da ta baya. In giya tana zamewa, ko ƙarfi ya ragu bayan injin ya yi zafi, ko ya mutu da an rage mai, sai a sake lissafin kuɗi. Mai jirgin da ya ƙi a yi wannan gwaji, a bar masa jirginsa.

Kafin a biya, a gwada lambar da ke jikin injin da ta takardar saye, gama ana satar injuna a bakin ruwa. A yi cinikin gaban shaidu, in da hali da sanin sarkin ruwa, a kuma rubuta lambar a takardar ciniki.